Gargaɗi ga masu garka a Damagaram: ku kiyayi mai tallar ɗakin ƙarfe na haɗawa

Assalamu alaikum ƴan uwa masu garka, na cikin gari da na hanyar Mirya har zuwa Gidimuni. Na daɗe ina juya wannan magana a zuciyata kafin in rubuta ta. Abin da ya sa na daina shiru shi ne, makon jiya na sake cin karo da tallar mutumin a wani zauren WhatsApp na manoman rani. Ya canza suna, ya canza lamba, amma hoton nan dai shi ne. Jika 265 tawa, wato sefa dubu 265, ta tafi a hannunsa, kuma ba na son wani ya bi sahuna.

Ina da ƴar garka a gefen hanyar Mirya, inda nake noman albasa da tumatir da salati da barkono. Duk mai garka ya san wahalar da nake nufi: injin ban ruwa, tiyo, buhun taki, maganin feshi, kowace safiya a ɗauko daga gida, kowace yamma a mayar, domin in ka bar su a fili ba lallai ka tarar da su ba. Sau biyu ana yanke mini tiyo. Na ƙudurta in yi ɗakin ajiya mai ƙofa da kwaɗo. Tambayar da ta tsaya mini ita ce, in gina na laka kamar yadda iyayenmu suke yi, ko in sayi na ƙarfe.

Da a wata shekara ce da ban yi dogon tunani ba, laka zan kwaɓa. Amma duk wanda yake garin nan a daminar 2024 ya ga abin da ruwa ya yi. Katangu sun zube a unguwanni da dama, kuma a farkon watan Satumba tsohon masallacin Birni, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Abin ya taɓa zuciyar kowa. Tun daga lokacin in an ce laka sai gabana ya faɗi. A kan wannan tsoro mutumin ya kafa tarkonsa, kuma ya san abin da yake yi. Maganar farko a tallarsa ke nan: ruwa ba ya rusa ƙarfe, gara ba ta cinsa, ɓarawo ba ya fasa shi, kwana 10 an kafa maka ka rufe kayanka ka yi barci.

Na kira shi a watan Janairu. Bakinsa da daɗi, kowace kalma sai ya haɗa ta da Alhaji, ga in sha Allahu, ga addu'a. Ya ce masana'antarsu tana Kano, a can ake yanka ƙarfen a huda shi, a kawo shi guntu-guntu a haɗa da noti a garkarka. Mita 3 a kan mita 4, jika 400 har da kafawa. Da na ce ni ba na sayen abin da ban gani ba, bai yi gardama ko kaɗan ba. Ya ce, “Alhaji, ai gani ya kori ji. Gobe in zo in kai ka ka ga aikinmu da idonka.”

A nan ne nake so ku tsaya ku karanta da kyau, domin wannan shi ne abin da ya raba shi da ƙananan ƴan damfarar waya. Ya zo da kansa, a kan babur, sanye da shadda mai tsabta. Ya kai ni wani fili da aka kewaye a gefen gari. Wani dattijon maigadi ya buɗe mana, sun gaisa kamar sun saba. A ciki ga ɗakin ƙarfe a tsaye, kyakkyawa, ginshiƙansa a cikin siminti, kwanonsa mai kauri, ƙofarsa shuɗiya. Na daki bango da hannu, na girgiza ginshiƙi, ko motsi bai yi ba. Ya ce bara suka kafa shi. Na koma gida da natsuwa, har na faɗa wa yayana. Shi kam ya ce mini, “Ka ga ɗaki, amma ka ga shagonsa? Ka ga wanda ya ce shi ya yi masa?” Na ce, “Yaya, ai na taɓa da hannuna.” Bai ƙara magana ba.

Ya nemi kafin alƙalami rabin kuɗi, jika 200, wai don a yanko ƙarfe. Ya ce in tura ta kamfanin aika kuɗi, da sunan wani da ya ce shi ne ma'ajinsu. Da na nemi rasiɗi sai ya turo mini hoton wata takarda mai tambari a waya, ba adireshi, ba sa hannun da za a iya karantawa. Ba mu zauna gaban kowa ba. Babu shaida ko ɗaya.

Kwana 10 suka zama 20. Sannan ya kira ni da murya irin ta mai damuwa, ya ce kaya sun iso iyaka, an riƙe su, sai an biya kuɗin duwan, wato kwastan, jika 40, in an yi jinkiri za a sauke su a ƙara kuɗin ajiya. Na tura. Azumi ya kama a watan Maris, ya ce ma'aikata sun rage aiki. Bayan ƙaramar salla ya ce motar ta lalace a hanya, direba yana neman jika 25 a sauya wa kayan mota. Ina sane cewa abin ya fara wari, amma wanda ya riga ya zuba 240 yana ganin in ya hana 25 shi ya jawo wa kansa asarar sauran. Da wannan igiya yake jan mutum, kaɗan-kaɗan, kowane karo kuɗin bai kai wanda za ka tsaya ka yi rigima a kansa ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne bai gudu ba. A ƙarshen watan Afrilu sai ga amalanke a bakin garka da kwano 10 da bututun ƙarfe 4, an shafe su da jan fenti. Babu ƙofa, babu noti, babu ƙarafan da za su riƙe rufi. Ya kira ya ce wannan kashi na farko ne, sauran suna tafe. Daga ranar wayarsa ta fara shiga ba a ɗauka, bayan mako biyu ta mutu gaba ɗaya.

Na ɗauko wani mai walda da na sani a cikin gari ya duba mini kayan. Ya ɗaga kwano ɗaya da hannu guda, ya danna shi da babban yatsa, sai ga wurin ya lotsa. Ya ɗauki makulli ya kankare fentin bututun, tsatsa ce a ƙasa, tsohon ƙarfe ne aka yi wa kwalliya. Ya leƙa bakin bututun ya nuna mini kaurin jikinsa, da ƙyar ya fi na gwangwanin tumatir. Ya ce, “Alhaji, wannan in na ɗora masa wuta hudewa zai yi. Kuma ɗaki mai wannan faɗi, bango da rufi, kwanon da zai ci ya haura 25. Duk abin da ke nan bai kai jika 60 ba.”

Sai daga baya na gane amfanin waɗannan ƴan kayan a wurinsa. Da bai kawo komai ba, kowa zai ce ɓarawo ne. Da ya kawo wani abu, sai maganar ta koma ciniki ne da bai ƙarasa ba, a ce a yi haƙuri, wataƙila matsala ya samu. Ni kaina na ɓata makonni ina ba shi uzuri. Lokacin da na kai ƙara wajen hukuma, abin da aka fara tambayata shi ne takardar yarjejeniya, da cikakken sunansa, da wanda ya shaida cinikin. Tambayoyi ne na gaskiya, kuma ba ni da amsar ko ɗaya. Sunan da na tura wa kuɗi daban, sunan da ya faɗa mini daban.

Na koma filin nan da ya kai ni. Na sami dattijon maigadin, na ce, “Baba, ina mutumin da muka zo tare da shi kwanaki?” Ya ce shi bai san gidansa ba. Yakan zo ne da baƙi, ya ce masu sha'awar irin ɗakin ne, ya ba shi na goro ya buɗe musu su duba. Ɗakin kuwa na maigidansa ne, wani mai walda na nan garin ya ƙera shi shekaru da suka wuce, babu ruwansa da Kano. Ya ce ban da ni ya buɗe wa mutum huɗu ko biyar. Tsohon ya shiga damuwa sosai da ya ji abin da ake yi da alherinsa, kuma ban ga laifinsa ba.

Yanzu bari in koma kan tambayar da ta kai ni ga wannan hali, domin na yi ta tunani a kanta, kuma na gano tun farko ban auna ta daidai ba. Ko da mutumin ya cika alkawari, ɗakin kwano zalla ba shi ne ya dace da garkata ba. A watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yana wuce digiri 40 a inuwa, to ina ga cikin akwatin ƙarfe da rana ta daka tun safe? Albasa tana son inuwa da iska mai ratsawa, in ka kulle ta a zafi ruɓewa take yi. Iri in ya sha zafi ƙarfin tsirarsa raguwa yake yi. Ga jarkar man inji, ga maganin feshi, duk ba abin da ake so a ajiye a tanda ba ne. Sannan ga guguwar farkon damina, wadda kowa ya san yadda take yaye rufi ta jefa shi gonar maƙwabci in ba a kafe ginshiƙi da kyau ba.

Laka kuma da na tsorata da ita, da na zaga na duba katangun da suka faɗi a unguwarmu, yawancinsu daga gindi ruwa ya ci su, inda ya kwanta ya jiƙa tushe, ko inda indararo ya toshe, ko aka shekara da shekaru ba a yi yaɓe ba. Mu kuwa Allah ya hore mana dutse, duk inda ka juya a Damagaram ga shi nan. A haƙa tushe, a jera dutse da siminti har ya ɗago sama da ƙasa, a ɗora tubali a kai, a bar bakin rufi ya zarce bango, a bar ƴan tagogi a sama don iska. Babbar matsalar gini a cikin gari ita ce ruwa, kowa ya san abin da ake biyan ƴan garuwa, amma mai garka yana da rijiya a gefensa. Da na buga tubalina a watan Janairun nan da na tura kuɗi, lokacin sanyi da iska mai busarwa, da kafin azumi na rufe ɗakina. Albasa kuma a yi mata rumfarta daban da zana da kara, a ɗaga ta daga ƙasa.

Ban ce ƙarfe ba shi da amfani ba. Wanda yake noma a filin aro ko na haya, gara ya yi abin da zai iya kwancewa ya tafi da shi. Amma in za ka yi, je wurin mai walda mai shago, wanda in ka koma gobe za ka same shi a inda ka bar shi, wanda maƙwabtansa suka san sunan ubansa. Ku je kasuwa tare ka sayi ƙarfe da kwano da kuɗinka a hannunka, ka tambayi kaurinsu da milimita, a rubuta a takarda. Kuɗin aiki kuma a raba shi, wani in an haɗa ƙarafa, wani in an kafa, na ƙarshe in an rataya ƙofa. A rubuta girman ɗaki da yawan kwano da ranar gamawa, mutum biyu su sa hannu, ko a gaban mai unguwa. In an kai ka ganin aikin da aka ce an yi wa wani, kada ka tsaya ga maigadi ko yaron gida, nemi mai ɗakin da kansa ka tambaye shi wa ya yi masa. Wannan tambaya guda, wadda yayana ya yi mini ban saurara ba, da ta tsare mini kuɗina. Kuma duk wanda ya ce ka tura kuɗi da sunan da ba nasa ba, ko ya dawo yana neman na duwan bayan kun gama ciniki har da kawowa, ka tsaya a nan, kada ka ƙara ko dala.

Ba zan rubuta suna ko lamba a nan ba, domin sunan da ya ba ni ba ni da tabbacin nasa ne, kuma ina tsoron in jefa wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba cikin zargi. Abin da zan ba ku shi ne alamun tallar. Hoton ɗakin ƙarfe ne mai shuɗiyar ƙofa, akwai bishiyar dogon yaro a bayansa ta hannun dama, da tsohuwar taya a jingine da bango. Yana cewa kayan daga Kano suke zuwa, kwana 10 an gama, akwai rangwame ga wanda ya biya rabi cikin mako. A zauren da na gan shi makon jiya na riga na sanar da masu kula da shi, sun cire tallar, amma zaurukan manoma suna da yawa, na Matamai da Magarya ma ba zan yi mamaki ba in ya shiga.

Wanda ya riga ya tura masa kuɗi, kada ya goge saƙonni da muryoyin da ya turo, kuma ya adana takardar da aka ba shi a wurin aika kuɗin, don a jikinta akwai sunan wanda ya karɓa da ranar da ya karɓa. Ya kai ƙara da su, ko da yana ganin kuɗin ba za su dawo ba. Maigadin ya ce mun kai biyar ko shida, amma har yau ni kaɗai na sani na je na faɗa, kuma ƙarar mutum ɗaya marar shaida ba ta da nauyin ta mutum biyar masu labari iri ɗaya.