Rimot ɗin FlySky FS-i6 bayan zango ɗaya a hannun 'yan SS2

Ni malamin fasaha ne a wata sakandare, kuma tun ranar da na yi kuskuren nuna wa 'yan SS2 bidiyon BattleBots, gasar faɗan robot, a wayata ban sake samun sakat ba, kullum "Malam yaushe za mu haɗa namu?" Su waɗancan na Amurka nauyinsu yana kai fam 250, wajen kilo 113 kenan, mu ina muka ga wannan kuɗin. Sai na ce mu yi ƙanana irin waɗanda ake ce wa antweight, fam ɗaya, wato giram 454. Na raba yaran gida huɗu, na yi odar rimot guda biyu kowanne da risibarsa FS-iA6B, wato abin da ake sawa a jikin robot yana karɓar umarnin rimot, na ƙara risiba biyu, sai ƙananan moto N20 da batir LiPo mai sel biyu, bolt 7.4.

Gaskiya a duk kayan da na saya rimot ɗin nan ne kawai ban yi da-na-sani ba. Asali na masu ƙananan jirage ne, canel shida gare shi, yana aiki a kan 2.4GHz, batir AA huɗu yake ci irin na tocila, kuma yana ajiye saitin na'ura har 20, shi ya sa rimot biyu suka ishi gida huɗu, kowa ya zaɓi sunan robot ɗinsa a allo shi ke nan. Mun kunna biyun a ɗaki ɗaya babu wanda ya shiga layin wani. Ya faɗi daga kan benci ya fi sau uku, yana nan daram.

Abin da ya fi burge ni shi ne saitin Elevon, wanda yake haɗa canel na ɗaya da na biyu, sai ya zama da sanda ɗaya yaro zai yi gaba ya yi baya ya juya, ɗayan hannun kuma yana kan makami. Amma fa na sha wahala kafin na gane, don na kwana biyu ina saiti ina danna OK ina fita komai yana gogewa, ashe sai ka danne Cancel ka riƙe sannan yake ajiyewa. Yana cikin littafinsa, ni ne ban karanta ba, wata yarinya ce ma a aji ta nuna min, na ce to madalla.

Sai maganar failsafe, wato saitin abin da robot zai yi idan sigina ta yanke, don Allah duk wanda zai saya ya fara da wannan. Idan ba ka saita ba, rimot ya mutu, risiba tana riƙe umarnin ƙarshe da ta samu. Wani yaro yana cikin tuƙi ya kashe rimot wai zai miƙa wa abokinsa, kawai robot ya ci gaba da gudu shi kaɗai, ya fita ta ƙofar wokshop ya sauka baranda ya shige ƙarƙashin babur ɗin wani malami, tayoyi na ta juyawa a cikin yashi, yara na ta ihu suna binsa. Dariya muka yi don babu wuƙa a jikinsa. A gasannin waje sai an gwada wannan kafin a bar ka shiga fili, yanzu na ga dalili. Gida ɗaya sun so sa faifai mai juyawa na hana, tunda filinmu akwatin filawud ne ba rufaffe ba.

Wani abin da ban sani ba da farko, risiba ba ta tuƙa moto kai tsaye, sigina kawai take bayarwa, dole ka sa ESC a tsakani, wato na'urar sarrafa gudun moto, ko ƙaramar kwamfutar Arduino da allon tuƙa moto. A sa wannan a lissafi.

Inda na ƙone shi ne batir masu araha da na saya wajen wani a intanet, biyu suka kumbura kamar fanke a zafin watan Afrilu, dole na zuba su cikin bokitin yashi na fitar da su waje. LiPo ba a barinsa ya sauka ƙasa da bolt 3 a kowane sel, kuma ba a ba yara caja su tafi da ita gida.

Ranar karawa gidan 'yan mata ne suka cinye, da wani robot mai tudu a gaba da suka yanka daga farantin roba na yanka albasa, ko makami babu, sai dai ya shiga ƙarƙashin abokin faɗa ya tura shi bango. Direbarsu duk lokacin tara tana wokshop tana zagaye kwalaben ruwa da shi, su kuwa mazan sun ɓata sati uku wajen fenti da ƙahonni. Zango mai zuwa zan ƙara rimot biyu in dala ta bari, don faɗan "Malam shi ya riga ni ɗauka" ya ishe ni.