Jakar goyon da ta raka ni daga Jidda zuwa Farasan

Na sayi wannan jaka ne a wani shago da ke Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ana saura mako biyu in ɗauki hutu a watan Janairu, domin ni da wani yayana da muke zaune gida ɗaya mun ƙudura niyyar bin gaɓar Bahar Maliya zuwa kudu. Mai cin lita 50 ce, tana da maɗauri a ƙugu da wani a ƙirji, da aljihun raga biyu a gefe na gorar ruwa, da kuma rigar leda da ake lulluɓe ta da ita. Na zuba mata ƙaramin tanti, da darduma, da tufafi kala uku, da dabino, amma duk da haka da sauran wuri.

Daga Jidda zuwa Jizan tafiyar kimanin kilomita 700 ce, ta Lis da Ƙunfuza, kuma a nan ba abin da zan ce game da ita tunda a bayan mota ta yini. Sai da muka tsallaka zuwa tsibiran Farasan, waɗanda ke da nisan kusan kilomita 40 daga gaɓar Jizan, a jirgin ruwan da ke ɗaukar fasinja kyauta, sannan ta fara aikin da aka saye ta dominsa.

Ƙasar Farasan dutsen murjani ne da ya taso daga teku, saboda haka tsakanin wannan farin rairayi da wancan sai mutum ya taka duwatsu masu kaifi kamar bakin zarto. Sau da yawa nakan sauke jakar a kansu idan lokacin sallah ya yi, kuma har muka dawo gindinta bai huje ba, sai ɗan kwarzane kawai. Abin da ya fi burge ni shi ne maɗaurin ƙugun, wanda yake sauke nauyi daga kafaɗa ya mai da shi kwankwaso. Yayana, da ya rataya jaka mai igiya ɗaya, tun kafin la'asar ɗin ranar farko ya tsaya yana murza kafaɗa, ya ce, "Ƙanena, karɓar mini gorar nan, igiyar ta fara yanka ni." Na ce, "Kawo, Yaya," na cusa ta a aljihun gefe, ban kuwa ji wani ƙarin nauyi ba.

Ranar da wani masunci ya kai mu dajin Ƙandal a kwale-kwale, inda bishiyoyi ke tsaye a cikin ruwan gishiri saiwoyinsu a waje, feshin igiyar ruwa ya jiƙa mu sharkaf, amma rigar ledar ta tsare mini iƙama, wato katin izinin zama a Saudiyya, da waya, ko ɗigo bai taɓa su ba.

Aibinta biyu ne, kuma ba ƙanana ba ne ga mai bin gaɓar teku. Soson da ke jingine da baya ba ya barin iska ta ratsa, ga shi yankin Jizan ko da hunturu akwai zafi da laima, don haka kullum rigata a jiƙe take da zufa tun hantsi. Na biyun shi ne zif ɗinta, wanda ƙarfensa bai jure iskar gishiri ba. A kwana na huɗu ya yi fari-fari ya ƙage, har sai da na wanke shi da ruwan sha, na goga masa kyandir, sannan ya yarda ya motsa. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin a aljihun da ya ƙage ɗin maganin Yaya yake.

Duk wanda zai saye ta don irin wannan tafiya, ina ba shi shawara ya riƙa ɗauraye zif ɗin da ruwa mai daɗi kowace yamma, ya kuma kakkaɓe rairayin da ke maƙalewa a haƙoransa. Ni dai na kai tawa wurin tela ya sauya mata zif na roba, domin da ita nake son komawa a watan Afrilu, lokacin da mutanen Farasan ke bikin kamun harid, wani kifi mai baki kamar na aku, a gaɓar Hasis.