Sharhi: kwana a masaukin ruwan zafi na alfarma a Hakone, ƙasar Japan

Masaukin da nake magana a kai irin na gargajiya ne da Japanawa ke kira ryokan, a unguwar Gora da ke kan duwatsun Hakone. Daga tashar Shinjuku a Tokyo jirgin Romancecar na kamfanin Odakyu kan kai mutum Hakone-Yumoto cikin kusan minti 85, sai a canza zuwa ƙaramin jirgin hawan dutse, wanda ke ɗaukar kamar minti 40 zuwa Gora. Wurin ya ci kuɗinsa, amma ga wanda ya zaɓi ɗakin da ya dace kuma ya yi tambayoyinsa tun kafin ya biya. Wanda ya je da tunanin otel ne zai sha mamaki.

Kuɗin ma ba na ɗaki ba ne, na kowane kai ne, haɗe da abincin dare da karin kumallo. A masaukai na wannan aji mutum ɗaya kan biya daga yen 50,000 zuwa sama a dare guda, kuma farashin na tashi ranar Asabar, da hutun sabuwar shekara, da hutun ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, da tsakiyar Agusta, da watan Nuwamba lokacin da ganyaye ke yin ja. Akwai kuma harajin wanka, yen 150 a kan kowane baƙo, wanda sai wajen fita ake ganinsa a takardar biya.

Ana karɓar baƙi daga ƙarfe uku na yamma, kuma gara a iso a kan lokaci. Abincin dare na farawa ƙarfe shida ko bakwai, ba a ɗaga shi don kowa, wanda ya makara sosai yana iya rasa abin da ya riga ya biya. Takalmi a bakin ƙofa ake cire shi. Wata ma'aikaciya, nakai, ita ke raka baƙo ɗaki, ta zuba koren shayi, ta tambayi lokacin cin abinci. Ɗan kayan zaƙin da ke kan tebur yana da dalili: ana so a ci kafin a shiga ruwa, saboda shiga da yunwa na kawo jiri. Ɗakin shimfiɗe yake da tabarmar tatami, ba a hawanta da takalmi ko silifa, ba a kuma jan akwati mai taya a kai don yana yage saƙar. Tsaf take, mutum ya shimfiɗa dardumarsa ya yi salla hankali kwance, alƙibla kuwa daga can tana yamma ne, an ɗan karkata arewa. Rigar yukata da ake bayarwa, ɓangaren hagu ake ɗorawa a kan na dama. Akasin haka gawa ake yi wa.

Ruwan shi ne abin da aka zo dominsa, kuma nan ne ake yawan cutuwa. Dokar Japan ta 1948 ta ce ana iya kiran ruwa onsen, sunan da Japanawa ke ba ruwan zafin wanka na ƙarƙashin ƙasa, idan ya fito daga ƙasa da zafin digiri 25 ko fiye, ko kuma yana ɗauke da isasshen adadin wasu sinadarai da ta lissafa. Wannan ma'auni mai faɗi ne, don haka kalmar onsen kaɗai ba ta isa ba. Tambayar da za a yi ita ce: ruwan kakenagashi ne? Wato sabo ne ke ta kwarara daga tushe yana malala ta bakin kwami ya tafi, ko kuwa tace shi ake yi, a zuba masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sake ɗumama shi ya dawo? Na biyun hanci ma na gane shi, warinsa irin na wurin ninkaya. Doka ta wajabta a liƙa takardar da ke bayyana ko an ƙara ruwa, ko an ɗumama, ko ana juya shi, yawanci a ɗakin tuɓe kaya take. Tarko na biyu ya fi wannan ciwo: akwai masaukan da babban wurin wankansu ruwan tushe ne, amma kwamin da ke barandar ɗakin da aka biya ninki dominsa ruwan famfo ne da aka dafa. A nan inda na sauka duka biyun na tushe ne, fari kamar an zuba madara, da warin farar wuta, daga kwarin Owakudani ake janyo shi ta bututu.

Zafinsa digiri 40 zuwa 42. Wanda ya san ruwan Wikki na Yankari, da ke kusan digiri 31, kada ya auna da shi, can ana wuni a ciki, nan minti biyar zuwa goma sun isa a shigar farko. Tsarin ba ya canzawa. A zauna a kan 'yar kujera gaban famfo a wanke jiki da sabulu, a ɗauraye tas. A ɗebi ruwan kwami da ɗan bokiti a zuba daga ƙafa zuwa sama don jiki ya saba, sannan a shiga a hankali, zuwa ƙugu tukuna, daga baya kafaɗa. Ƙaramin tawul ba ya taɓa ruwa, a kai ake ɗora shi, mai dogon gashi ta ɗaure. Masu faɗuwa wajen fita yawanci zumbur suka miƙe: zafi ya buɗe jijiyoyi, jini ya sauka ƙafa, sai ido ya yi duhu. A sha kofin ruwa kafin shiga da bayan fita, kada a wuce wanka uku a rana, mai ciwon zuciya ko hawan jini kuma ya ji ta bakin likitansa tukuna. Zoben azurfa a bar shi a ɗaki, farar wuta na mayar da shi baƙi cikin ɗan lokaci.

Babban wurin wanka na maza daban, na mata daban, labule shuɗi na maza, ja na mata, kuma wasu wuraren kan sauya su tsakanin dare da safe, sai a duba kowane lokaci. Sai dai tsirara ake shiga, ba gajeren wando ba ɗaurin ƙirji. Ga mai kiyaye al'aura mafita biyu ce: ɗaki mai kwaminsa, ko kashikiri, wankan da ake kama wa iyali su kaɗai na kamar minti 45. Lokutan kashikiri masu kyau kan ƙare tun da yamma, a kama tun wajen shigowa. A ganina ɗaki mai kwami ya fi, ko da ya fi tsada, domin wanka mafi daɗi na bayan asuba ne, iska na sanyi, tururi na tashi, ba mai jiran ka fito. Wurare da yawa ba sa barin mai zanen tatu shiga babban wanka, saboda haka mai lalle a hannu ta yi bayani tun a teburin karɓar baƙi.

Abincin dare, kaiseki, kusan kala goma ne da ake kawowa ɗaya bayan ɗaya, ya ci awa biyu: ɗan buɗe-baki, romo garau a kwano mai murfi, yankan ɗanyen kifi, gasasshe, dafaffe, sai shinkafa da miyar miso a ƙarshe. Kowanne loma biyu ko uku ne, mutum ya ɗauka ba zai ƙoshi ba, kafin shinkafa ta iso ya ajiye cokali. Naman alade ba shi ne babbar matsala ba, da sauƙi a cire shi. Matsalar giya ce. Ƙaramin kofin da ke jira a kan tebur sau da yawa giyar 'ya'yan itace ce, sannan giyar da suke kira sake da ta girki mai suna mirin, dukansu daga shinkafa, suna cikin kusan kowace miya da romon gashi. Naman shanun wagyu ma ba yankan Musulunci ba ne sai an faɗa. Dole a rubuta musu tun lokacin kama ɗaki, a ambaci alade da nama da sake da mirin da sunansu, a nemi tsarin kifi da ganye. Faɗa a daren bai da amfani, an riga an haɗa romon tun rana. Wasu masaukan za su ce ba za su iya ba, kuma gara a ji hakan da wuri.

Abin da bai yi min ba: shimfiɗar futon, da ake yi yayin da baƙo ke cin abinci, tana da tauri ga mai ciwon baya, a nemi ƙarin katifa ko ɗaki mai gado. Karin kumallo gasasshen kifi ne da shinkafa da ƙwai ƙarfe takwas, fita kuwa ƙarfe goma ko sha ɗaya, wato awa 20 ko ƙasa da haka kuɗin ya saya. Ba dole ba ne a ba da tukuici. Soke ɗaki kuma yana da tara da ke ƙaruwa yayin da ranar ke matsowa, har ta kai kuɗin gaba ɗaya ga wanda bai zo ba, don haka a karanta wannan sharaɗin kafin a sa lambar kati.