Tsohuwar motar tsere: Fijo 504 ko sauran?

Wanda ya kalli gasar East African Safari Classic, wadda ake yi a Kenya tun 2003 da motocin da suka tsufa, zai ga kusan fuskoki huɗu ne ke ta maimaituwa cikin ƙura: Porsche 911, Datsun 240Z, Ford Escort, sai Fijo nan da can. To, mai son shiga wannan harka don nishaɗi, da kuɗin aljihunsa, wacce zai saya?

Porsche dai a bar wa masu shi. Da ita Björn Waldegård ya ci gasar a 2011, amma kuɗin gyaran injinta kaɗai ya isa a sayi fili a kewaye. Datsun 240Z ta ci Safari ta asali, wato tsohuwar gasar da Classic ta samo sunanta, a 1971 da 1973, sai dai masu tara tsofaffin motoci sun ɗaga farashinta, ga tsatsa na cin ta. Escort ba ta da laifi a kwana, laifinta ɗaya: duk abin da ya karye sai an yo odarsa daga Ingila, a biya da fam. Beetle tana da arha, ta ma ci Safari a 1962, amma ba za ta ba ka gudun da kake nema ba.

Ni Fijo 504 zan nuna maka, salun mai ƙofa huɗu. Ta fito a 1968, ta zama motar shekara a Turai a 1969. A 1975 Ove Andersson ya ci Safari da ita, Hannu Mikkola ya ci gasar Maroko, Bernard Consten ya ci Bandama a Kwaddibuwa, duk a shekara guda. Kuma ba gudu ne ya ba ta ba, juriya ce. Tana da tsayi daga ƙasa, shokozobanta na da dogon zango, ƙafafun baya na salun ƙirar farko kowace na motsi ita kaɗai, don haka tana haɗiye kwazazzabo inda wasu ke fasa kasko. Injin 1971cc ne, kabureta ɗaya, babu kwamfuta, babu abin da bakaniken unguwa bai sani ba.

Babban dalili kuwa a gida yake. An haɗa ta a Kaduna daga 1975 har 2006, saboda haka kayanta na nan a Panteka da Kofar Ruwa, kuma dattawan da suka yi rayuwarsu a ƙarƙashinta suna raye. In ka fasa lagireto ranar Asabar, kafin Litinin ka samu wani. Wagon da akori-kura suna da ƙarfi, amma aksul ɗinsu na baya guda ne, sun fi dacewa da ɗaukar kaya. Ka lura da zafi kawai: kan injin alminiyom ne, in ya tafasa gasket zai tafi.

Sai maganar cuta, wadda ta fi zaɓin mota muhimmanci. Bodi ake saya, inji ana canzawa. Ka tafi da ƙaramin maganadisu, ka bi ƙasan ƙofofi da inda shokozoban gaba ke ɗaure. Duk inda ya ƙi kamawa, fila ce aka shafe aka fesa fenti. Ɗaga kafet ka taka daɓen motar da ƙarfi. Sabon baƙin fenti a ƙarƙashi ba ado ba ne, ɓoye wani abu ake yi. Duba lambar shasi ka gwada da takardu, kuma in ka ga alamar walda ko gugar ƙarfe kewaye da lambar, ka yi sallama ka tafi, ko da dillali zai rantse da abin da zai kashe shi.

Akwai kuma masu cewa motarsu "ta taɓa yin Safari". Sitika da fitilu huɗu a gaba ba shaida ba ce. Motar da ke da tarihin gasa tana da takardun da ke bin lambar shasinta, kuma manyan gasannin tsofaffin motoci na neman fasfon mota da FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, ke bayarwa. Ba takarda, ba ƙarin ko kwabo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kejin ƙarfen da ke kare direba in mota ta kife. Wani mai walda ya karɓi kuɗina na bututun ƙarfe marar ɗinki, ya haɗa mini keji da bututun famfo, ya shafe da fenti fes. Sai da mai duba motoci ya kankare fentin muka ga layin ɗinkin. Irin wannan bututun tsagewa yake yi lokacin da ake buƙatarsa. Tun daga nan nake cewa a ga ƙarfe tsirara kafin fenti, a kuma duba waldar kowace mahaɗa ta zagaye gaba ɗaya, har ɓangaren da ke manne da rufi.

Haka hular kwano da bel da kujera. Na jabu sun cika intanet, da tambarin FIA da aka buga a shago. Na gaske suna da lamba da za ka iya dubawa a jerin hukumar, bel kuma yana da shekarar da wa'adinsa ke ƙarewa a ɗinke jikinsa. Hular acaɓa ba ta shiga wannan lissafi. Ka ware kuɗin waɗannan tun kafin ka fara ciniki, domin sau da yawa sun fi kuɗin Fijon kanta.