Hanyar Likiya ta Turkiyya ko gaɓarmu ta Yanbu zuwa Duba: wacce ta dace da mai son tattaki?

Alhaji, ka ce za ka samu hutun kwana goma a wurin aiki, kai da abokanka biyu kuna son ku yi shi kuna tattaki a bakin teku, daga tsohon gari zuwa tsohon gari. Ka ji labarin hanyar Likiya ta Turkiyya, kana tambaya ko ba gara ku tsaya nan gida Saudiyya ku bi gaɓar Bahar Maliya daga Yanbu zuwa arewa ba, tunda ba sai an nemi biza ba. Kafin a zo maganar kuɗi ko biza, a duba yadda aka shirya kowace hanya tukuna, don ɗaya an yi ta ne saboda mai tafiya a ƙasa, ɗayar kuwa ta mai mota ce.

Hanyar Likiya wata Baturiyar Ingila mai suna Kate Clow ce ta bi tsofaffin turbobin makiyaya da na zamanin Rumawa ta haɗa su, aka buɗe ta a 1999. Tana farawa kusa da Fetiye ta ƙare kusa da Antaliya, tsawonta ya haura kilomita 500, mai son gama ta duka sai ya ba ta wata guda. An shafa fenti ja da fari a jikin duwatsu da itatuwa, shi mutum ke bi. Abin da ya sa take yiwuwa ga irinmu shi ne ƙauyuka na kusa da juna. Ka tashi bayan asuba, ka yi kilomita 12 ko 18, kafin la'asar ka iso inda akwai ɗan masauki, shayi, burodi, zaitun, da masallaci. In ƙafa ta gaza, ƙananan motocin haya da suke kira dolmush suna bin babban titi, su kai ka gari na gaba.

Gaɓarmu ba ta da wannan. Daga Jidda zuwa Yanbu ya haura kilomita 300. Daga Yanbu zuwa Umluj, daga Umluj zuwa Wajh, daga Wajh zuwa Duba, kowane zango kusan kilomita 150 ne ko fiye, tsakaninsu kuwa fili ne fetal, gishiri da rairayi da kwalta, ba inuwa, ba rijiyar da za ka dogara da ita. Ƙari a kan haka, bakin ruwan yana ƙarƙashin kulawar Haras al-Hudud, wato masu tsaron iyaka da gaɓa, ba ko'ina ake yarda a kwana ko a yi iyo ba, kuma wurare da yawa tsakanin Umluj da Duba sun shiga cikin manyan ayyukan yawon buɗe ido da ake ginawa, an killace su. Ina roƙonka da girman Allah, kada wani ya zuga ku ku ɗauki jaka ku ce za ku taka daga Yanbu zuwa Umluj. Abin da ke yiwuwa a nan shi ne a tafi da mota, a kama shaƙƙa, wato gidan haya na kwanaki, kwana biyu-biyu a kowane gari, a riƙa fita tattaki na awa uku ko huɗu da sassafe da kuma bayan la'asar. Lambar masu tsaron gaɓa 994 ce, ku ajiye ta a waya.

To sai tarihi, kuma a nan ne zuciyata take karkata gida. Wannan gaɓa ita ce hanyar alhazan Masar. Ayarin yakan fito daga Alkahira, ya ratsa Sina'i, ya sauko Akaba, ya bi Muwailih, Azlam, Wajh, Haura, yankin Yanbu, Badar, Rabig, har Makka. Mansa Musa na Mali ta Alkahira ya biyo a hajjinsa na 1324, Askiya Muhammadu na Songhai ma ta can ya bi a ƙarshen ƙarni na 15. Mafi yawan kakanninmu Hausawa ta Sudan suka zo, suka tsallako daga Sawakin zuwa Jidda, amma wahalar iri ɗaya ce: ƙishirwa, 'yan fashi, watanni a hanya. Ganuwar Muwailih da ke arewa da Duba an gina ta a 1560, zamanin Sarkin Daular Usmaniyya Sulaiman, don ta tsare rijiyoyi da guzurin alhazai. Ta Azlam, kudu da Duba, ta girme ta, tun zamanin sarakunan Mamluk na Masar take. Akwai ta Zuraib a gabas da Wajh. In ka tsaya a gindin irin wannan katanga ka dubi filin da ayari ke ratsawa kafin ya iso ruwa, za ka gane me hajji ya kasance ga mutanen da. Ku tambaya kafin ku je, don ba kullum ake barin shiga ciki ba.

Kudu da Yanbu, kusa da Rayis, akwai kufan Al-Jar, tashar jiragen ruwan Madina ta da, inda jiragen hatsi da Amru bin Asi ya aiko daga Masar suka sauka a zamanin Sayyidina Umar. Tsohuwar unguwar Wajh kuwa, da gidajenta na dutsen teku da tagogin katako, ƙanwar Balad ce, tsohuwar unguwar Jidda, sai dai babu cunkoso. Yanbu ma an gyara tsohuwar unguwarta da kasuwar dare da ke bakin ruwa.

Tarihin Likiya, tsohon yankin da hanyar ta ci sunansa, ya fi cika ido, wannan ba gardama. A Patara za ka ga zauren majalisar tarayyar biranen Likiya da filin wasa na dutse, ga rairayin bakin teku mai tsawon kusan kilomita 18. Kufan Santos da na Letun suna cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 1988. A Demre akwai kaburbura da aka sassaƙa a fuskar dutse, a Kekoba akwai gine-ginen da suka nutse ana hango su ta cikin ruwa, a saman Chirali kuma wuta ce ke fitowa daga ramukan dutse saboda iskar gas, dare da rana. Kuma kada ka ɗauka ba ruwan Musulmi da wurin: yaƙin teku na Zatus Sawari, wanda rundunar jiragen Musulmi ta ci Rumawa a zamanin Sayyidina Usman, wajen shekara ta 655, mafi yawan masana tarihi suna cewa a ruwan da ke gaban Finike aka gwabza shi, kuma hanyar tana bi ta garin.

Amma hanyar ba ta sassauci. Jin an ce bakin teku kada ya sa ka zaci shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. Hawa da gangara ne a kan tsakuwa mai kaifi, wani wurin a gefen kwazazzabo, musamman tsakanin Faraliya, Kabak da Alinja. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya ga likita tukuna. Takalmi mai ƙwari wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, sanda, da ruwa aƙalla lita uku a jaka. Akwai karnukan makiyaya, manya ne, a kauce wa garke. Garuruwan shaƙatawa irin su Oludeniz da Kash kuma akwai giya da shigar da ba za ka so ba a bakin ruwa. Ƙauyukan kan tudu sun fi kamun kai, can na fi so mutum ya kwana.

Lokacin hutunka shi zai yanke rabin hukuncin. Likiya tana daɗi a Afrilu da Mayu, sai Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Da hunturu ruwan sama ake yi, masaukai da yawa a rufe. Gaɓarmu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu ne take karɓar mai tafiya a ƙasa. In hutun ya faɗo a Yuli ko Agusta, duka biyun ku haƙura, zafin na iya halaka mutum.

Maganar takardu: mai fasfon Najeriya ko Nijar sai ya nemi bizar Turkiyya, ga huruj da auda, wato izinin fita da dawowa Saudiyya, ga igama, takardar zama, dole ta kasance da sauran kwana. Ga kuɗin jirgi. Tafiyar gida ba ta buƙatar komai sai igama mai rai, mai a mota, da kuɗin shaƙƙa da za ku raba uku.

Tunda ka ce tattakin kansa kuke so, kwana bayan kwana da jaka a baya, Likiya ce amsarka, in takardu da aljihu sun yarda. Kada ku yi kwaɗayin tsawo: ku sauka filin jirgin Dalaman, ku fara daga Obajik kusa da Fetiye, ku nufi Patara cikin kwana shida ko bakwai, ku bar kwana ɗaya na hutu a tsakiya. In kuwa hutun na sanyi ne, ko akwai dattijo a cikinku, ku ɗauki mota ku yi Yanbu kwana biyu, Umluj biyu, Wajh uku, Duba biyu, sannan ku dawo ta Badar ku shiga Madina ku yi ziyara kafin ku koma Jidda.