Muryar da ke raka ni hanyar Madina

Wata takwas ke nan ina biyan kuɗin wata manhaja ta littattafan sauti a wayata, kuma kusan duk abin da na saurara a cikinta tsofaffin labaran fatalwa ne da na masu taɓa abin da bai kamata a taɓa ba. Abokan aiki sun sha tambayata ko ta ci kuɗinta, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta amsar gaba ɗaya.

Direban barrada ne ni, motar nan mai sanyi da ke ɗaukar kaji da kayan gwari. Sau uku a mako nake tashi daga Jidda bayan isha'i in nufi Madina ta Titin Hijira, kilomita 400 da 'yan kai. Wanda ya san hanyar ya san yadda take da zarar an baro fitilun gari: baƙaƙen duwatsun harra hagu da dama, sai fitilar tirelar da ke gabanka. Da azkar nake farawa, sannan karatun Alƙur'ani. Amma wajen ƙarfe ɗayan dare akwai wani nauyi da ke sauka a ido wanda shayi ba ya ɗagawa. Ƙanena da ke karatu a Madina ne ya saka min manhajar, ya ce, "Yaya, ka riƙa jin labari, Turancinka ma zai dawo." Kuɗinta na wata bai kai na faranti biyu na shinkafar bukhari ba. Tana da ɓangaren Larabci da na Turanci, ana iya sauke littafi a ajiye a waya, ana kuma iya rage saurin mai karatu. Wannan na ƙarshen shi ya cece ni, don Turancina na makaranta ne, idan Baturen Ingila ya saki baki ba na kamo rabi.

Daren farko da na kunna, abin da ya faɗo min a rai kakata Goggo ce. A ƙauyenmu na ƙasar Rano, in an ci tuwon dare aka shimfiɗa tabarma, ita ke cewa "Ga ta nan, ga ta nanku," mu amsa "Ta zo mu ji ta." Ba ta taɓa yi mana tatsuniya da rana ba, ta ce mai yin haka ɓata yake yi. In ta zo wurin da Dodo zai fito, ba ta ɗaga murya, ƙasa take yi da ita har sai mun matso mun manne mata. Shekara talatin ban sake jin wannan sanyin a bayan wuyana ba sai da wani dattijon mai karatu ya fara min labaran M. R. James.

Shi James malami ne a Kambirij, masanin tsofaffin littattafan da aka rubuta da hannu, har ya shugabanci kwalejin King's. Abin da ya burge ni da na sani shi ne yawancin labaransa don a karanta a bayyane ya rubuta su. Lokacin Kirsimeti yakan tara abokai a ɗakinsa da dare ya karanta musu a hasken kyandir, daga baya aka tattara na farko aka buga a 1904. Wato kunne aka yi wa su tun asali, kuma ana jin haka. A cikinsu akwai na wani farfesa da ba ya yarda da komai sai abin da ya gani, ya je hutu bakin teku ya tono wani tsohon usur a kangon wurin ibada, ya goge shi, ya busa da dare. Iska ta taso. Ɗakin da ya kama gado biyu ne, da safe sai a tarar na biyun a yamutse kamar an kwana a kai. Ba jini, zanin gado ne kawai ya miƙe tsaye. Na saurare shi ina tsakanin duwatsu, na kuma tuna yadda ake kwaɓe mu in mun yi fito da dare, a ce muna kiran mutanen ɓoye. Ban taɓa zaton Baturen da ya rayu shekara ɗari da suka wuce zai rubuta abin da kakata ke hana mu ba. Mai karatun nan, Allah ya ba shi baiwa. Ya san inda zai yi shiru. Wani lokaci yakan dakata har in kai hannu in duba ko wayar ce ta mutu, sai in ji ya ja numfashi ya ci gaba.

Amma labarin da ya zauna min a zuciya gajere ne, bai fi rabin awa ba: The Monkey's Paw na W. W. Jacobs, wanda ya fito a 1902. Wani tsohon soja ne ya dawo daga Indiya da busasshen hannun biri, ya ce wani fakiri ya yi masa asiri, yana biya wa mutum buƙata uku, don ya nuna cewa ƙaddara ce ke juya rayuwa kuma mai ja da ita zai yi nadama. Sojan ya jefa shi wuta, mai gidan ya fizgo. Iyali ne na mutum uku, tsoho da tsohuwa da ɗansu ɗaya tilo. Ba su roƙi sarauta ba. Fam 200 suka roƙa, daidai abin da zai biya bashin gidansu. Washegari ɗan ya tafi aiki, can da rana sai ga baƙo da kaya masu kyau yana kai-kawo a ƙofar gida ya kasa shigowa. Inji ya kama yaron. Kamfani ya ce ba laifinsa ba ne, amma saboda hidimar da ya yi, ga fam 200.

A nan na faka a gefen hanya na kashe. Duk wanda ya yi zaman neman kuɗi a ƙasar nan ya san wannan baƙon. Mun sha haɗa kuɗin likkafani, mun sha sallatar ɗan'uwa a binne shi nan, a aika wa iyayensa 'yan kuɗin da aka bayar, su kuma a can dama abin da suke ta addu'a kullum ke nan, Allah ya kawo kuɗin rufin ɗaki. Ban ji tsoron hannun biri ba. Fuskar mahaifiyata na gani.

Sauran labarin sai da na huce na ƙarasa. Bayan kwana goma uwar ta farka da dare ta tilasta wa mijin ya roƙi a dawo mata da ɗanta. Shi ya ga gawar, ya san yadda inji ya bar ta. Makabarta mil biyu ce daga gidan. Suka jira har kyandir ya mutu, sai aka fara ƙwanƙwasa ƙofa, a hankali tukuna. Tsohuwa ta ruga, sakatar sama ta fi ƙarfin tsawonta, tana jan kujera, shi kuma yana rarrafe a duhu yana laluben hannun birin don buƙata ta uku. Da ƙofa ta buɗe, ba kowa sai titi da fitila. Mai karatun bai sa wani sautin bugun ƙofa ba, da bakinsa kawai ya faɗa, kuma na fi jin bugun a haka.

Wannan ne ya kawo ni babban ƙorafina. Manhajar tana da wasu karatuttukan da aka cika da kiɗan tsoratarwa da kukan ƙofa da ihun mata. Na gwada Dirakula na Bram Stoker, na 1897, a irin wannan shiri, ban kai awa ba na goge. Ihu yakan zo ba zato, kuma mai riƙe da sitiyarin mota mai lodi ba ya son a razana shi. Na koma wa wani karatun na murya zalla, sai littafin ya buɗe. Ashe duk wasiƙu ne da littattafan ajiyar sirri, kowa yana ba da nasa da bakinsa. Wurin da ya fi kama ni shi ne rajistar kyaftin ɗin jirgin ruwan da ya taso daga tashar Barna ta ƙasar Bulgeriya ɗauke da akwatunan ƙasa zuwa Ingila. Ma'aikata suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, shi yana rubuta kwanan wata da yanayin iska kamar yadda aiki ya tanada, har ya rage shi kaɗai, ya ɗaure hannayensa a jikin sitiyari don kada ya bar amanar da aka ba shi. Direba ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Tsakiyar littafin tana da jan rai, na yarda, amma hanyar Madina ma doguwa ce.

Ɓangaren Larabci kuwa rabi da rabi ne. Jerin Ma Wara'aɗ Ɗabi'a na likitan nan ɗan Masar, Ahmad Khalid Taufiƙ, wanda ya fara fitowa a 1993, an karanta shi da kyau, Larabcin mai sauƙi ne, ko wanda ya koya a kasuwa zai bi. Allah ya jiƙansa, ya rasu a 2018. Fassarorin tsofaffin labaran Turawa ne matsalar, da yawa na'ura aka ba ta karanta. Muryar sumul, amma tana sa fataha inda kisira take, kuma da sauti ɗaya take faɗin an kawo shayi da an ga gawa. Ya kamata a rubuta a fili cewa na'ura ce kafin mutum ya ƙona datarsa. Sau biyu kuma manhajar ta ƙi buɗe littafin da na riga na sauke, wai sai ta tabbatar da rajistata, a daidai inda sabis ya yi rauni. Wannan ya ɓata min rai ƙwarai, don saboda irin wuraren nan na sauke shi.

Wata rana a istiraha, wato wurin hutawar matafiya a bakin hanya, bayan mun idar da sallah, wani dattijo cikin Hausawan da aka haifa a nan ya gan ni na yi tsit da waya. Ya ce, "Ɗana, wa'azin wa kake ji haka?" Na gaya masa gaskiya. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Aljanu dai ba tatsuniya ba ne. Sura guda aka saukar da sunansu." Na ce, "Haka ne, Baba." Maganarsa ta bi ni har gida, kuma ita ta sa na tsaya na yi wa kaina iyaka. Na sha kai baƙi Wadil Baida, wanda ake ce wa Kwarin Aljanu, arewa maso yamma da Madina, inda ake sa mota a furi ta yi ta gudu kamar tana hawan tudu. Masana sun ce gangara ce, yanayin duwatsun ne ke ruɗar ido, ni ma da nake tuƙi na gamsu. Don haka na san ba kowane abin al'ajabi ake jingina wa aljanu ba, na kuma san abin da Alƙur'ani ya tabbatar ba wasa ba ne. Waɗannan labaran ƙagaggu ne, marubutansu ma ba su ce gaskiya ba ne, kuma waɗanda nake so ba sa koya wa kowa tsafi. Kullum mai leƙa asiri shi ke kwana a ciki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda manhajar, ganin irin abin da nake ji, ta fara turo min littattafan da ke da'awar koyar da ɗalasimai da kiran rauhanai. Wannan wani abu ne dabam, haramun ne, a ƙasar nan ma laifi ne babba. Ban taɓa buɗe ko ɗaya ba, kuma na so a ce akwai yadda zan toshe su gaba ɗaya, musamman da yake yara kan ɗauki wayar.

Akwai kuma waɗanda na bari saboda yadda suka ɗauke mu. Vathek na William Beckford, da ya fito da Turanci a 1786, ya ari sunan halifan Abbasiyawa Alwasiƙ, wanda ya yi mulki daga 842 zuwa 847 a Samarra, ya mai da shi mai ridda da ke sadaukar da yara hamsin don neman dukiyar ƙarƙashin ƙasa. Ƙarshensa a fadar Iblis, inda kowa ke yawo dafe da ƙirji zuciya na ci da wuta, yana da ƙarfi sosai a kunne, ba zan ɓoye ba. Amma mutum ne da ya rayu aka yi wa wannan ƙagen, hakan bai kwanta min ba. H. P. Lovecraft na Amurka kuma ya kafa wani labarinsa na 1921 a hamadar Larabawa, har ya ambaci Irama mai ginshiƙai da ke cikin Suratul Fajri, sai dai mahaukacin Balaraben da ya ƙirƙira ya sa masa suna Abdul Alhazred, "al" biyu a jere, abin da ɗan Islamiyya zai gane ba ya yiwuwa. Ƙyamarsa ga baƙar fata kuma ba ɓoyayya ba ce, tana fitowa a rubutunsa. A takarda ido kan iya tsallake layi. A kunne sai ka ji wani ya furta maka shi.

Na sabunta rajistata duk da haka, saboda masu karatu uku ko huɗu da na saba da muryarsu. Wanda ba ya son biya, akwai LibriVox, wadda aka fara a 2005, inda 'yan sa-kai ke karanta littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kyauta, kuma su James da Jacobs da Stoker duk suna ciki. Direbobi 'yan'uwana, a sa a lasifikar mota, kada a toshe kunne. In kuma barci ya zo da gaske, labari ba ya maganinsa, a nemi istiraha a kwanta.

Abin da babu a manhajar ko ɗaya shi ne Hausa. Ranar wata Alhamis ina jiran a sauke kaya, na ɗauki waya na ba da labarin hannun birin nan da bakina, saƙon murya bakwai, na tura wa Inna ta wayar ƙanwata. Da "Ga ta nan, ga ta nanku" na fara. Amsarta ta shigo daren Asabar, ina dab da shiga Madina, hasken hasumiyoyin Harami ya fara bayyana. Ta gaishe ni, ta sa min albarka, ta tambayi aiki. Sannan ta ce, "Wannan tsohon bai kyauta ba. Da ni ce, ko yaya injin ya bar shi, sai na buɗe masa ƙofa."