Hoton Babanmu da wasu 'yan uwa biyu suka yi mana, ra'ayina bayan wata shida

Na jima ina son rubuta wannan amma na ce bari aikin ya ɗan zauna a bango tukuna, don irin wannan ba ranar da ka karɓa kake gane ingancinsa ba sai an kwana biyu. Yau wata shida kenan.

Masu aikin su biyu ne, ya da ƙaninta, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ba fenti zalla suke yi ba, haɗawa suke, gawayi da fenti da yadi da takarda da ɗinkin zare duk a kan allo ɗaya. Ita yayar ke zana fuska da hannu, shi kuma ƙanin shi ke da duk abun da ya kewaye fuskar, yanka, liƙi, ɗinki. Hoton Babanmu Allah ya jiƙansa na ce su min, na kai musu hotuna uku na waya duk ba su fita sosai ba, sai tsohuwar rigarsa guda da wasu wasiƙu da ya rubuta da hannunsa.

Abun da ya fara burge ni tambayoyi ne. Kusan awa guda suna tambayata yanda yake zama, wane gefe yake karkata kai in yana sauraron mutum, in zai yi dariya ido ne ke fara yi ko baki, ita tana ta jan layi a takarda shi yana juya rigar yana duba bakin wuyanta. A gabana ma suka ɗan yi musu, shi yana so wuyan rigar ya hau har ƙasan haɓa ita ta ce zai rufe mata inuwar da take so a wuya, ya ce "Yaya ki bari in gwada, in bai yi ba da kaina zan cire." Gwaji biyu suka yi a takarda suka turo min, kuma gaskiya nashi ne ya fi kama da Baba, ita da kanta ta faɗa. Nan na gane amfanin su biyun, kowa na da wanda zai ce masa a'a ba tare da jin nauyi ba, kuma an ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dama ba su kaɗai ba ne a duniya, akwai tagwaye mata masu zane Amrit da Rabindra Singh a Ingila, akwai tagwayen Brazil da ake kira Os Gemeos masu zanen bango, duk tare suke aiki.

Wajen kaya kam sun san abun da suke yi. Wasiƙun ba su yanka min na asalin ba, kwafa suka yi suka buga a takarda marar asid suka dawo min da nawa lafiya, ƙanin ya ce takarda mai arha irin ta jarida ja take yi ta bushe ta fara karyewa in ta daɗe tana shan haske, har ya ba ni misali da shahararrun masu zane Picasso da Braque da suka fara liƙa takardu a zane a 1912, yanzu jaridun da ke jikin ayyukan nan duk sun koma ruwan ƙasa. Fentin akirilik suka sa ba na mai ba, saboda mai yana shiga yadi da takarda ya ci su a hankali, shi kuma akirilik da ruwa ake dama shi yana bushewa da wuri. Gawayin fuskar an fesa masa maganin da ke kama shi don kar ya goge. Firem ɗin mai zurfi ne, akwai tazara tsakanin gilashi da aikin don kar ya danne ɗinkin ko danshi ya manne su.

To amma akwai inda ban ji daɗi ba kuma dole in faɗa. Sati shida suka ce min, sai da aka yi sha ɗaya. Jinkirin ma da sauƙi, abun da ya dame ni shi ne su biyun ke amsa saƙo a lamba ɗaya, ka yi magana da ɗaya yau gobe ɗayan ya amsa bai san inda aka kwana ba sai ka sake bayani daga farko, sau uku ina maimaita girman da nake so. Sannan bayan wata biyu gefen yadin daga ƙasa ya ɗan ɗago, gam ɗin bai kama sosai ba a wajen, na mayar suka gyara ba musu har da ban haƙuri, tun daga nan bai sake motsi ba. Da za su dinga haɗawa da 'yar takarda ta yanda ake kula da aikin da ya fi, don da baki kawai aka ce min kar in rataye inda rana ke bugawa ko kusa da danshi.

In za ka ba su aiki ka kai abun da mutumin ya taɓa sawa ko ya rubuta, ka kuma ƙara sati biyar a kan lokacin da suka faɗa maka, kar ka ɗaura shi da wata rana ta musamman. Ni dai zan koma, hotunan Umma nake tattarawa yanzu.

Ranar da aka kawo shi Umma ta daɗe tsaye a gabansa ba ta ce komai ba, fuskar take kallo, can sai idonta ya sauka kan wuyan rigar. Akwai maɓalli ɗaya da bai yi kala ɗaya da sauran ba, ni ban ma taɓa lura ba, ashe ƙanin ya gani ya bar shi yanda yake har da zaren. Ta ɗora yatsa a kan gilashin daidai wajen ta ce min, "Wannan ni na ɗinka masa."